PPSSPP a wayata: yadda na sha fama da dosiyen da ya ƙi buɗuwa

Salamu alaikum jama'a. Yau kusan wata huɗu kenan ina buga wasan ƙwallo na PES da wasan faɗa na Tekken 6 a waya ta hanyar PPSSPP, na ce bari in faɗi abin da na gani saboda a majalisarmu ta mai shayi nan Yelwa a Garwa kullum sai wani ya miƙo min waya yana cewa ɗan'uwa duba min wannan abu ya ƙi.

Ga wanda bai sani ba, PPSSPP manhaja ce da ke sa waya ta ɗauki wasannin PSP, ƙaramin gem ɗin nan na Sony da ya fito a Japan a 2004. Wani mutumin Suwidin ne Henrik Rydgård ya fara ta a 2012, kuma kyauta ce, mai shuɗin tambarin. Akwai mai ruwan zinare ta kuɗi amma aikinsu ɗaya, tallafa wa masu yin ta kawai kake yi. Wayata ba wata babba ba ce, ram 4 ce, amma Tekken na tafiya sumul ba ya tsinkewa. God of War ne dai ke ɗan jan ƙafa sai na rage kyan hoto, kuma da zafin Garwa na watan Afrilu wayar kan yi zafi kamar an ciro ta daga kaskon mai ƙosai.

To matsalar daga PES ta fara. Ka san PES 2014 ne na ƙarshe da ya fito a PSP, duk waɗannan sababbin da ake turawa ta Xender gyara ne mutane suka yi masa, sai a haɗo maka da dosiye biyu, SAVEDATA da TEXTURES, su ne ke kawo sababbin 'yan wasa da riguna. Wani abokina ya turo min nasa har da fishiye biyu na saiti, ppsspp.ini da controls.ini, ya ce in zuba su a cikin PSP/SYSTEM in huta da gyaran maɓallai. Na buɗe ZArchiver, manhajar duba dosiye da fishiye a waya, na nemi dosiyen PSP sama da ƙasa babu shi, daga baya na gano yana can cikin Android/data/org.ppsspp.ppsspp/files, ina taɓawa sai waya ta rubuto min Accès refusé, wato an hana shiga. Na kashe na kunna, na share cache, na ba ZArchiver duk izinin da ta nema, shiru. Har na kai wa wani mai gyara a babbar kasuwa ya ce sai an yi wa wayar flash, sefa 3000. Allah ya taimake ni ban yarda ba, da hotunan bikin ƙanwata sun tafi a banza.

Ashe wayar lafiyarta ƙalau. Tun daga Android 11 da ta fito a 2020 aka sa doka cewa wata manhaja ba ta leƙa ɗakin wata a cikin Android/data, don kar kowace manhajar banza ta riƙa kwasar bayanan mutane, kuma a Android 13 aka ƙara ɗaure ƙofar. Laifin kuma nawa ne, ranar da na fara buɗe PPSSPP ta tambaye ni inda zan ajiye kayan wasa, ni kuma ina ɗokin buga ƙwallo ban karanta komai ba na danna na wuce, shi ya sa ta zuba komai a ɗakinta na ciki.

Gyaran ko minti biyar bai ɗauka ba. Ka shiga Settings na PPSSPP, ka gangara System, ka nemi wurin Memory Stick folder ka ce za ka canza. Waya za ta buɗe maka wurin zaɓen dosiye, a nan mutane da yawa ke maƙalewa saboda ba za ta yarda ka zaɓi uwar memori gaba ɗaya ba, haka ma Download ta hana, maɓallin ma ba zai dannu ba. Sai ka ƙirƙiri sabon dosiye ka sa masa suna PSP, ka shiga cikinsa, ka danna amfani da wannan dosiye, ka ba da izini. PPSSPP za ta tambaye ka ko a kwashe tsofaffin kaya zuwa sabon wuri, ka sa alama a kai don kar sev ɗinka ya zauna a baya. Daga nan ZArchiver na shiga tana fita yadda take so. Mai kwamfuta kuma yana iya jona wayar da kebul, yawanci ta can Android/data na buɗuwa.

Abu na biyu da ya kusa haukata ni, na zuba ppsspp.ini na abokina, na koma wasa na fito, na ga saitin ya koma yadda yake da. Sau uku ina yi. Ashe PPSSPP na buɗe a baya, kuma duk lokacin da za ta rufe sai ta rubuta saitin da ke hannunta a kan fishiyen, ta danne wanda ka zuba. Sai ka rufe ta gaba ɗaya tukuna sannan ka taɓa fishiyen. Kuma gaskiya ba na ba da shawarar ɗaukar ini na wani, wayar abokina ta fi tawa ƙarfi, InternalResolution ɗinsa, wato saitin kyan hoto, ya yi min yawa, 'yan wasa suka riƙa tafiya kamar masu ciwon ƙafa, sai da na mayar da shi 2.

Wani abu kuma, in kayanka na cikin Android/data ka goge manhajar, duk sev ɗinka ya bi ta. Haka ya faru da ƙanena, sev ɗin gasar Master League ta PES na kaka uku ya tafi, ya kwana biyu ba ya yi wa kowa magana a gida.

In za a ba ni in ba PPSSPP maki, 8 cikin 10 ne. Na cire biyu saboda allon farkon nan na zaɓen dosiye bai tsorata mutum yadda ya kamata ba, kuma rigar Coton Sport, ƙungiyar ƙwallon Garwa, har yanzu ban samu a TEXTURES ɗin kowa ba, duk wanda ke da ita ya same ni wurin mai shayi bayan isha'i.