Daga Washinton: gidajen tarihi kyauta, abincin cikinsu da tsada

Yaya, kin ce in ba ki labarin tsadar rayuwa a nan. Haya da kuɗin asibiti kam sai addu'a. Amma akwai abin da gwamnatinsu ta sakar wa talaka kyauta, wanda ban zata ba: gidajen tarihi da na zane-zane. Na Smithsonian, cibiyar da ke kula da gidajen tarihi da yawa, duk waɗanda ke nan Washinton ba a biyan ko sisi, haka ma gidan zane-zane na National Gallery. A New York kuwa, gidan zane-zane na Met na karɓar dala 30 a hannun baƙo.

Abin da suka rataya ne ya fi kama ni. A Smithsonian akwai wani ɗan ƙaramin zane da mai zane Winslow Homer ya yi a 1876, shekara 11 da ƙare yaƙin basasarsu. Tsohuwar uwargijiya ce, farar fata, ta zo gaishe da matan da a da bayinta ne. Tana tsaye cikin baƙar riga, biyu na tsaye suna kallonta ido cikin ido, ɗayarsu riƙe da yarinya, ta ukun kuwa na zaune, ba ta ko motsa ba. Babu mai murmushi. Ke da kika san girman miƙe wa babba a wurinmu, kin san abin da zaman nan ke faɗa.

A National Gallery kuma akwai kwafin sassaƙen da masassaƙi Saint-Gaudens ya yi wa runduna ta 54 ta jihar Massachusetts, sojoji baƙar fata da suka auka wa sansanin Wagner a 1863, lokacin yaƙin basasar. Kwamandansu Shaw, Bature, yana kan doki, su suna tafiya a ƙasa, kowa da irin fuskarsa, daga ɗan saurayi mai ganga har mai gemu. A harin aka kashe Shaw, aka binne shi rami ɗaya da sojojinsa.

Mu ma an yi bauta a ƙasar Hausa, an yi rinji da gandu, kuma 'yan uwanmu sun yi yaƙin Boma. Amma yawanci a bakin tsofaffi labarin yake, su kuma suna ta tafiya. Wannan yana damuna ƙwarai.

Idan Allah ya kawo ku, gidan tarihin Baƙaƙen Amurka da aka buɗe a 2016 shi ma kyauta ne, sai dai ana kama lokacin shiga tun da wuri ta intanet. Ku ci ku ƙoshi kafin ku fito, don abincin cikinsu akwai tsada.