Sharhi kan Darussan Rubuta Waƙa na Berklee a Coursera

Kwalejin kiɗa ta Berklee, wadda aka kafa a birnin Boston na Amurka a shekarar 1945, tana da darussa da dama a Coursera, dandalin koyon karatu ta intanet, kuma biyu daga cikinsu sun cancanci malamin da ke koyar da ɗalibai waƙa ya duba su da kyau. Na farko shi ne darasin rubuta baitocin waƙa na Pat Pattison, na biyu kuma shi ne na tushen kasuwancin waƙa, wanda lauya John Kellogg ya gabatar.

Ƙarfin darasin Pattison yana cikin ra'ayi guda da ya gina komai a kansa, wato tsarin waƙa ya dace da abin da waƙar ke faɗa. Yana nuna cewa baiti mai ɗango huɗu masu tsawo ɗaya, da cikakken amsa-amo, yana sa mai sauraro ya ji natsuwa, alhali baiti mai ɗango uku ko biyar, ko wanda amsa-amonsa bai cika ba, yana barin kunne a rataye yana jiran wani abu. Saboda haka marubucin da ke bayyana kewa ko shakku bai kamata ya rufe baitinsa tsaf ba, domin tsarin zai ƙaryata kalmomin. A ganina wannan ya fi kowace nasiha ta "rubuta abin da ke zuciyarka" amfani, domin yana ba ɗalibi abin da zai iya gyarawa da alƙalami. Haka nan bayaninsa kan yadda kowane baiti zai ƙara wa amshi nauyi, maimakon ya maimaita na gabansa, yana da saurin shiga kai.

Sai dai misalan duka na Turanci ne, harshen da ke auna waƙa da ƙarfin gaɓa, don haka mai rubutu da harshen da ke dogara da tsawon gaɓa ko karin sauti zai ɗauki ƙa'idar ne kawai, ya nemo misalansa. Kuma 'yan'uwa ɗalibai ne ke duba ayyukan juna, abin da ba zai maye gurbin kunnen malami ba.

Darasin Kellogg ya fi bushewa, amma shi ne ɗalibai suka fi buƙata. Duk waƙar da aka ɗauka tana da haƙƙin mallaka iri biyu: na rubutu da kari, da kuma na faifan da aka naɗa a sutudiyo, kuma sau da yawa ba mutum ɗaya ke riƙe da su ba. Ƙungiyoyi irin su ASCAP, wadda aka kafa a 1914, da BMI ta 1939, suna karɓo wa marubuta kasonsu idan an sa waƙarsu a rediyo ko a bainar jama'a. Ɗalibin da ya fahimci wannan zai gane cewa sana'ar ba ta tsaya ga mai riƙe da makirufo ba, akwai furodusa da manaja da lauya da masu dillancin waƙoƙi.

Dokokin da ake magana a kansu na Amurka ne, saboda haka malami zai haɗa da dokar ƙasarsa kafin ɗalibinsa ya sa hannu a wata yarjejeniya.