Gida a Malesiya ko Tailan: wanne zai isa hannun magada?

Alhaji, ka tambaya a ina ya fi dacewa baƙo ya sayi gida, Malesiya ko Tailan, ya kuma bar wa 'ya'yansa shi.

A Tailan, baƙo ba ya mallakar ƙasa. Abin da dokar gidajen bene ta 1979 ta ba ka shi ne ɗaki a dogon bene na tarayya, muddin rabon baƙi bai wuce kashi 49 cikin ɗari na faɗin ɗakunan ginin ba, kuma sai kuɗin sun shigo daga waje. Gida mai fili kuwa sai haya, iyakarta shekara 30, wadda ke iya mutuwa tare da kai in ba a rubuta magada a yarjejeniyar ba. Ko matarka 'yar ƙasar ce ta rasu ta bar maka fili, yawanci shekara guda za a ba ka ka sayar. Masu sa sunan wani ɗan ƙasa su fake a bayansa, laifi suke yi a idon doka, kuma ranar rigima ba su da bakin magana.

Malesiya ta fi sakin hannu. Za ka mallaki gida har da filinsa da sunanka, sai dai da amincewar gwamnatin jiha, kuma akwai mafi ƙarancin farashi: ringgit (kuɗin Malesiya) miliyan 1 a Kuala Lumpur, babban birnin ƙasar. Filayen da aka keɓe wa Malayawa ba a sayar wa baƙo.

Wajen gado ne suka rabu sosai. Malesiya ta soke harajin gado tun 1991. Tailan ta kawo nata a 2016, amma sai abin da magaji ya samu ya haura baht (kuɗin Tailan) miliyan 100, don haka ba shi ne abin tsoro ba. Abin dubawa shi ne wa zai raba. Musulmi a Malesiya, da fara'il ake raba dukiyarsa, kotun Shari'a ce ke fitar da rabon kowa, wasiyya kuma ba ta wuce sulusi. Shafi'iyya suke bi, mu Malikiyya, amma rabon mata da 'ya'ya bai bambanta ba tsakanin mazhabobin biyu. A Bankok, babban birnin Tailan, dokar ƙasa ce ke aiki, namiji da mace rabo ɗaya.

Ni dai, tunda maganar 'ya'ya kake yi, Malesiya zan zaɓa. Amma ka sani su ma sai sun nemi amincewar jiha kafin a mayar da takardar gidan sunansu.