Hawan Mambila: Motar Tasha, Shata ko Motarka?

Duk wanda ya yi niyyar zuwa tsaunin Mambila a Jihar Taraba, tun kafin ya tambayi kuɗin masauki a Gembu, ya fara zama ya yanke shawarar abin da zai hau. Rabin abin da ake zuwa gani yana bakin hanya ne, kuma abin hawan da ka zaɓa shi zai sa ka gan shi da kyau, ko ka wuce shi kana leƙe ta taga da kayan wani a cinyarka.

Ga yadda hanyar take. Daga Jalingo za ka bi ta Bali, ka isa Serti, inda hedikwatar gandun dajin Gashaka Gumti take, sannan Mayo Selbe a gindin dutse. Daga nan hawa ya fara. Lanƙwasa bayan lanƙwasa, dutse a hannu guda, rami a ɗaya hannun, har ka fito Maisamari iska ta sauya, ka ji sanyi ya ratsa rigarka. Sai Nguroje, sai Gembu, hedikwatar ƙaramar hukumar Sardauna. Yankin ma yana da tarihi: yana cikin Arewacin Kamaru da ya zaɓi shiga Najeriya a ƙuri'ar raba gardama ta 1961. Saman tsaunin ya kai kimanin mita 1,600 daga teku, shi ya sa ganyen shayi yake yi a can. Direbobi sun raɗa wa wuraren da suka fi wuya sunaye, irin su Hawan Biyu da Sisi, Kwanar Duram da Tungar Ahmadu. Idan ka ji direba yana kiran waɗannan sunaye kamar unguwannin garinsu, ka sami wanda ya san hanya.

Motar tasha ita ce mafi araha, kuma ba abar rainawa ba ce. Direbobinta kullum suna kan hanyar, sun san inda kwalta ta zaizaye, sun san kwanar da babbar mota take cinye hannun wani. Mai zuwa biki ko fatauci, wanda burinsa ya isa Gembu kafin magariba, ita ta dace da shi. Matsalarta ga mai yawon buɗe ido guda ce: ba ta tsayawa don kai. Sai ta cika za ta tashi, ana cusa mutane da kaya, kuma a daidai inda kwari ya buɗe gabanka, gajimare na ƙasa da kai, direba ba zai taka birki don ka ɗauki hoto ba, yana da gaskiya kuma. Idan aljihu ya tilasta maka ita, ka je tasha da asuba, ka biya kujerar gaba ko da kuɗin mutum biyu ne, ka sauka a Nguroje maimakon zarcewa Gembu, domin ta fi kusa da gonar shayi da daji.

Motar kanka kuwa, a nan nake so in daɗe, domin a nan mutane suka fi yaudarar kansu. Wanda ya saba tuƙi tsakanin Kano da Zariya yana ganin hawa ne abin tsoro. Hawa yana gwada inji da lagireto, gaskiya ne, kuma za ka ga motoci a gefe an buɗe musu baki suna tururi. Amma gangara ce take kisa. Direban da ya ɗora ƙafa kan birki tun daga sama, birkin zai yi zafi, man birki ya tafasa, ya taka ya ji feda ta tafi ƙasa babu komai. Da giya ake sauka, ta ɗaya ko ta biyu, inji ya riƙe mota, birki ya zama na taimako kawai. Mai atomatik ya mayar da ita ƙaramar giya tun kafin gangarar ta fara. Na taɓa sauka a bayan wata mota da warin birkinta ya cika hanya tun kafin mu ga hayaƙi, har yau ina tuna fuskokin matan da suka fito daga cikinta suna salati lokacin da direban ya samu ya tsayar da ita a jikin dutse. In har ka nace da taka za ka je, makanike ya duba birki, kuloci, lagireto da tayoyi kafin ka bar gida, ka riƙe safaya mai iska, jak da jarkar ruwa, ka cika tanki a ƙasa domin mai ya fi tsada a sama. Kuma ba kunya ba ce ka ɗauki direban gari a Serti ko Mayo Selbe ya hau da kai ya sauko da kai. Ƙaramar mota mai lafiya tana iya babban titi da rani, amma da zarar ka kauce zuwa ƙauyuka, cikinta zai riƙa dukan ƙasa.

Abin da ni zan saya da kuɗina shi ne shata: mota mai fowil, irin Hilux, da direbanta ɗan yankin. Ta fi tsada nesa ba kusa ba, amma idan kun kai huɗu ko biyar kuka raba, nauyin yana sauƙi, kuma abin da kuka biya shi ne ikon cewa "direba, dakata a nan". Sai dai ciniki ya fito fili tun a ƙasa. Wa zai sayi mai? Wa zai biya kwanan direba da abincinsa? Kwana nawa, kuma shatar ta haɗa da shiga hanyoyin ƙasa ko iyakarta kwalta? Rigimar da ake yi a saman dutse yawanci daga abin da aka bari ne a kan "ai ba komai, ma daidaita". Ka dubi tayoyin da idonka, ka sa ya taka birki kana tsaye, ka tambaye shi yaushe rabonsa da hawa. Sabuwar mota da baƙon direba ba ta kai tsohuwa a hannun ɗan gari ba. Tsofaffin Land Rover da ake gani a can suna jigilar kaya zuwa ƙauyuka shaida ne a kan haka.

To, ina za a tsaya? Gonar shayi ta Kakara, inda ake yin Highland Tea, tana kusa da Nguroje, kuma tafiya a ƙafa tsakanin layukan shayi da safe, raɓa na jiƙa wando, ba ta buƙatar ƙarfi. Yara da dattawa za su iya. A nemi izini a ƙofa kafin a shiga. Dajin Ngel Nyaki, kusa da ƙauyen Yelwa, wani abu ne daban: kurmi mai duhu a gefen tudun ciyawa, da tsuntsaye da birai har da birin nan mai kama da mutum, ko da yake ganinsa sai sa'a. Hanyar ƙafar tana gangarawa sosai, dawowa kuma hawa ne, don haka wanda gwiwa ke damunsa ya tsaya a bakin dajin, kallon ma ya isa. Mai son namun daji ya ware kwana a Serti, ya shiga Gashaka Gumti, gandun da aka kafa a 1991 kuma mafi girma a Najeriya, tare da ma'aikacin gandun, domin ba a shiga kai kaɗai. Shi kuwa Chappal Waddi, dutse mafi tsawo a ƙasar, mita 2,419 a kan iyakar Kamaru, ba aikin yini guda ba ne. Kwanaki ne a ƙafa, da izinin hukumar gandun, da ɗan jagora da masu ɗaukar kaya.

Waɗannan wurare su suka kawo maganar babur. Inda mota ta gaza, ɗan acaɓa ne sarki, kuma na can gwanaye ne a kan laka da tudu. Ka ɗauke shi na yini, ku yi ciniki har da jira, kada ku hau biyu a gangara, ka zaɓi magidanci a kan yaro mai son nuna bajinta. Idan yana jin Fulatanci, wanda shi ne harshen kasuwa a can tare da Hausa, ya zama tafintanka a rugage. Filayen ciyawar nan da kake gani kamar ba na kowa ba, makiyaya ce ko gonar wani, sau da yawa da shinge. A yi sallama, a nemi izini kafin a tsallaka ko a ɗauki hoton mutum da shanunsa.

Lokaci ma zaɓi ne. Da damina, daga wajen Afrilu zuwa Oktoba, tsaunin ya fi kyau, kore shar, ƙoramu na zuba, amma hazo yana rufe kwana har ka kasa ganin motar gabanka, ƙasa tana zaftarewa, hanyoyin ƙauye su zama sulɓi. Da rani hanya ta fi aminci, sai dai ciyawa ta bushe, ƙurar hunturu ta dushe nesa. Ni Nuwamba nake zaɓa, ruwa ya ɗauke, koren bai tafi ba.

Kayan jiki ba su da yawa. Takalmi sau-ciki mai kaushin ƙasa wanda ƙafarka ta riga ta saba da shi, domin sabo yana yin kanta, silifa kuma ba ta riƙe jar laka. Rigar sanyi mai kauri, rigar ruwa ko da rani ne, tocila, da tsabar kuɗi saboda sabis yana ɗaukewa a wurare. Masauki kuwa, Gembu ta fi yawan ɗakuna, Nguroje ta fi kusa da shayi da daji, kuma a ko'ina ka tambayi ruwan zafi da bargo kafin ka biya. Kwana guda kafin tafiya ka kira wani a tashar Jalingo ko Serti ka ji halin gadoji da tsaron hanya a wannan makon, sannan ka tsara tashinka yadda za ka bar Mayo Selbe da sauran rana sosai.