Gargaɗi kan masu tallar tafiyar hawan dutse da kwanan tanti a intanet

Akwai wata damfara da ke cin matasa masu son fita daji a ƙarshen mako. Za ka ga shafi a Instagram ko Facebook cike da hotunan tantuna a gindin dutse, ana tallar kwana biyu: mota, tanti, jakar barci, jagora, duk a kuɗin da bai kai rabin na sauran masu shiryawa ba. Sai a ce gurbi uku ya rage, a tura kafin alƙalami yau. Yawanci mutum ɗaya suke kamawa a cikin abokai, su ce masa idan ya kawo mutum biyar shi kyauta zai je. Shi ne zai tara kuɗin abokansa da hannunsa, shi ne kuma zai sha kunya.

Daga nan abin kashi biyu ne. Na farko su karɓi kuɗi, su saka ku a zauren WhatsApp wanda su kaɗai ke iya rubutu a ciki, ana gobe tafiya su ce an ɗage saboda ruwan sama, a sake ɗagewa, sannan lambar ta daina shiga. Wannan asarar kuɗi ce kawai. Kashi na biyu ya fi muni: su zo da gaske, su kai ku dutsen da ba su sani ba, da kayan jabu.

Kafin ka tura ko sisi, ɗauki hotuna biyu ko uku daga shafin ka saka a Google Lens, manhajar da ke gano inda hoto ya taɓa fitowa a intanet. In hoton ya fito a shafukan wasu ƙasashe shekaru da suka wuce, magana ta ƙare. Duba kuma ko sunan asusun bankin ya yi daidai da sunan kamfanin, ko an rufe wurin sharhi, ko shafin ya sha canza suna. Facebook yana nuna tarihin canjin suna a ɓangaren bayanan shafi. Idan dutsen yana cikin gandun da hukuma ke kula da shi, nemi lambar ofishin da kanka, ka tambaya ko an yi rajistar ayarin a ranar. Kada ka kira lambar da mai tallar ya ba ka, ta abokin cin mushensa ce.

Amma gwajin da ya fi tona asiri shi ne tambayar lissafi. Ka ce masa: kilomita nawa ne hanyar, mita nawa za a hau, sa'a nawa za ta ci? Masu hawan dutse suna da ƙa'idar da William Naismith ya kafa a 1892: sa'a ɗaya ga kowane kilomita 5, a ƙara sa'a ɗaya ga kowane mita 600 na hawa. Ke nan hanya mai kilomita 12 da hawan mita 1,200 za ta ci kusan sa'a huɗu da rabi, kuma wannan ga mai ƙarfi ne, ba hutu, ba kaya mai nauyi. Wanda ya ce maka sa'a biyu za ku yi, ko bai taɓa taka wurin ba, ko kuma dare zai same ku a kan gangara. Jagora na gaskiya zai faɗa maka ƙarfe nawa za a juya ko an kai ƙololuwa ko ba a kai ba, ina ake samun ruwa, da inda sabis ɗin waya yake ɗaukewa. Ɗan damfara kuwa amsarsa ɗaya ce: kada ka damu, mun saba.

Sai jakar barci, inda aka fi cutar mutane. Sanyi yana ƙaruwa da kusan digiri 6.5 a kowane mita 1,000 da ka hau. In dare a gindin dutse digiri 20 ne, a zangon da ya ɗara shi da mita 2,000 zai sauko wajen 7, tun kafin iska ta taso. Jakar da aka gwada bisa ma'aunin ISO 23537 tana ɗauke da lambobi uku: na barci cikin jin daɗi, na iyakar da za a jure, da na tsira da rai. Wannan na ukun ma'anarsa mutum ya yi kamar sa'a shida yana makyarkyata bai mutu ba. Shi mayaudara suke bugawa da manyan haruffa, su ɓoye sauran biyun. Lambar farko ita ce abin dubawa, kuma jakar da ba ta da ko ɗaya, bargo ce mai zif.

Tanti ma haka. Ana auna juriyarsa ga ruwa da milimita. Rufin da bai kai 1,500 ba zai yi yoyo a ruwa mai ƙarfi, shimfiɗar ƙasa kuma ta fi buƙatar babbar lamba, don gwiwa da nauyin jiki suna matse ruwa ya ratso. Juya rufin ka duba ɗinkin ta ciki. Na ƙwarai an manna siririn tef a kan kowane ɗinki, na jabu kuwa in ka ɗaga shi a rana za ka ga haske ta ramukan allura. Ku ce a kafa muku shi tun a gida, ku ƙirga sanduna da turaku, ku kwara masa bokitin ruwa. Tanti mai rufi ɗaya tal yakan jiƙe ta ciki da tururin numfashi ko ba a yi ruwa ba.

In an ce akwai wurin da za a yi amfani da igiya, a nan babu sassauci. Ƙugiyar ƙarfe ta hawa tana da lambar ma'aunin ingancin Turai EN 12275 ko tambarin UIAA, ƙungiyar masu hawan dutse ta duniya, a jikinta, da ƙarfinta, yawanci kN 20 ko fiye, wato nauyin kusan tan biyu. Igiyar da ke tare faɗuwa tana da lambar EN 892 a bakinta, hular kwano kuma EN 12492. Ƙugiyar rataya makulli da ta hawa kamarsu ɗaya a ido, har sau da yawa an rubuta a jikinta cewa ba ta hawa ba ce. Tambari ma ana iya buga na ƙarya, don haka a nemi sunan kamfanin da samfurin a duba a shafinsa.

Wanda ya riga ya tura kuɗi, ya ɗauki hoton tallar, hirar da shaidar biya kafin a goge su, ya kira bankinsa a ranar, ya kai ƙara ga 'yan sanda, ya kuma kai rahoton shafin. Kwanaki kaɗan bayan haka wani zai iya tuntuɓarka ya ce zai karɓo maka kuɗinka in ka biya ladan aiki. Sau da yawa su ɗin ne dai suka dawo da sabuwar lamba, kada ka tura masa komai.