Hattara da mai "shanun Holan" na WhatsApp

Jama'ar Damagaram, akwai wani da ke yawo da bidiyon shanu a zaurukan WhatsApp, wai Holstein ne 'yan ƙasar Holan, ya shigo da su ta Kano, kowace saniya lita 30 a rana. Kullum "saura uku", sai ka ba da kafin alƙalami a ajiye maka. Kawuna ya tura masa jaka 150 bayan ƙaramar salla. Har yau lambar a kashe take.

Abin da ke sa mutane faɗawa, zancen lita 30 ɗin ba ƙarya ba ce zalla. Holstein na yin haka a Turai, inda take kwance cikin sanyi, abinci a aune, likita a kusa. To kawo ta nan a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40. Haki za ta dinga yi, ta rage ci, nono ya janye, ga kaska na jiranta. Da harawa da dusa da karan dawa ba ka ganin lita 30, ko da saniyar ta gaske ce.

Wani maƙwabcinmu shi har gida aka sauke masa tasa, dabbare-dabbare, baƙi da fari. Muka je kallo. Hantsa ta cika tam kamar za ta fashe, nono na ɗiga ƙasa, kowa sai "masha Allah". Dattijon Bafillacen da ke mana kiwo bai ce uffan ba, ya shafa bayanta, ya buɗe bakinta ya leƙa.

"Alhaji, wannan tozon fa? Saniyar Turai ba ta da tozo. Haƙoran nan kuma sun cinye, ta kwana biyu a duniya. Raba ta aka yi da ɗanta, aka ƙi tatsa."

Ranar farko ta ba da lita 6. Kafin sati ta tsaya a 2.

Ni abin da ke ba ni haushi, muna da namu. Azawak a duk Sahel an san ta da nono, tashar kiwo ta Tukunus da ke yankin Filinge don ita take aiki, kuma ranarmu ba baƙuwarta ba ce. Ga Kuri ta tafkin Cadi mai kumburarrun ƙahoni, ita ma ba ta da tozo, amma sai kusa da ruwa take jin daɗi. Mai son ruwa-biyu ya nemi likitan dabbobi, ya kuma ga uwar da idonsa.

In za ku saya, ku je kara da dillalin da kuka san gidansa. A tatsa a gabanku safe da yamma, kwana uku a jere, maraƙin na gefe, sannan a yi zancen kuɗi.

Mutumin ya canja lamba. Shekaranjiya na sake ganin bidiyon nan, shanun dai su ne, sai dai yanzu wai suna Maraɗi.