Kafin ka biya kuɗin motar nan, a ina za ta fi yawo, cikin gari ko kan hanya?

Ƙanena ne ya jawo wannan rubutun. Ya saida ɗan filinshi na wajen Batagarawa, ya zo mani bayan magariba da hotunan motoci a waya yana ta nuna mani, wai Yaya a cikin waɗannan wacce ce ba ta shan mai? Na ce mashi ai tambayar taka ce ba ta cika ba, don kowace mota baki biyu gare ta, akwai wanda take shan mai da shi a cikin gari akwai kuma na kan hanya, wlh wani lokacin sai ka rantse ba mota ɗaya ba ce.

Ni da kuɗina na biya wannan karatun. A 2022 na je Kano na ɗauko Camry Muscle mai silinda shida, dillalin yana ta buga bonet yana cewa Alhaji wannan ba shan mai take ba, shinshinawa kawai take yi. Na cika tanki na kamo hanya, Bichi, Tsanyawa, Kankia, Charanchi, kilomita wajen 170, na shigo Katsina allurar mai ta ɗan sauka kaɗan, har na kira shi ina godiya ina sa mashi albarka. Sati ɗaya da na fara kai yara makaranta, in wuce ofis, in dawo in ɗauke su, a biya Santaral Maket a ɗauko uwargida, sai na ga allura tana gangarowa kamar an huda tankin. Har gareji na kai ta a duba ko yoyo take, bakanike ya leƙa ƙasa ya miƙe yana dariya ya ce oga lafiyarta lau, halinta ne. Lokacin ma da sauƙi tunda lita ba ta kai naira 200 ba. Bayan ranar 29 ga Mayu 2023 da Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, lita ta haura 500, daga baya har ta wuce dubu, ai daga nan na fara ajiye ta a gida wasu ranakun ina hawa kurkura, mai mota guda a ƙofar gida.

Kuma fa dillalin bai yi mani ƙarya gaba ɗaya ba, rabin gaskiya ya faɗa mani, na kan hanya.

Abin da ke faruwa ba wani ɓoyayyen abu ba ne. A cikin gari mota tashi take ta tsaya, ta tashi ta tsaya, kuma wurin tashi daga tsaye ne inji ya fi zuƙar mai don sai ya ja nauyin motar gaba ɗaya, kana kama gudu ɗan kurkura ya yanko gabanka ka taka burki, man da ka ƙona ya tafi a banza ya zama zafi a jikin burki, ka sake taka totur daga farko. Ga tsayuwa inji na aiki, kana jiran yara a ƙofar makaranta da esi a kunne saboda zafin watan Afrilu, mai na tafiya kilomita ko ɗaya ba a yi ba. Ga gajeruwar tafiya, daga Kofar Kaura zuwa Kofar Soro kafin inji ya gama ɗaukar zafinshi ka iso ka kashe, shi kuma inji mai sanyi ya fi ci. To duk waɗannan sun fi cutar mota mai nauyi da babban inji. A kan hanya kuwa da zarar ta shiga babbar giya ta miƙe, injin lumfashi kawai yake, abin da ya rage mata faɗa da iska, shi ya sa V6 ɗin, wato mai silinda shida, da ke cinye ka a gari sai ta koma mutuniyar kirki a hanyar Kano.

Yawancin ƴan Kwatanon da muke saye daga Amurka suka fito, can kuma hukumarsu ta kare muhalli, EPA, tana ba kowane samfurin mota lamba biyu bayan an gwada shan manta, ta gari da ta babbar hanya. Su da mil da galan suke lissafi, in kana son ka maida shi namu sai ka ninka lambar da 0.425 ta ba ka kilomita nawa lita ɗaya ke yi. Na maida su don kar in wahalar da kowa.

Corolla mai inji 1.8 otomatik, irin ta 2009 zuwa 2010, tana yin kilomita wajen 11 a lita cikin gari, kan hanya 14 da rabi. Civic ta 2006 zuwa 2011 ta ɗan gaza Corolla a gari da kaɗan amma a hanya ta wuce ta, tana haura 15, dalili ita giyarta biyar ce Corolla huɗu, to a gudun 100 injin Civic ya fi samun hutu. Camry Muscle mai silinda huɗu 2.4 wajen 9 a gari 13 a hanya, kuma Honda Accord, da wadda ake ce ma EOD da wadda ake ce ma Anakonda, masu silinda huɗu duk nan suke, kusan ba bambanci, don haka masu gardamar Honda da Toyota a majalisa su nemi wani dalilin ba mai ba. Tawa mai V6 8 a gari 12 a hanya. Sienna 7 da ɗan kai a gari, a hanya ta kusa 10, Highlander V6 ma tana kusa da haka.

Duba wani abu a nan, don shi ne zancen gaba ɗaya. Tsakanin Corolla da Camry V6, in kun yi tafiyar kilomita 100 a kan hanya bambancinku lita ɗaya da rabi ne kawai. Kilomita 100 ɗin nan a cikin gari bambancin ya haura lita uku. Ya ninka har da ɗori. Zuwa Kano da dawowa, kilomita 340 ke nan, Corolla za ta sha lita 23 ko 24, V6 ta sha 28 ko 29, lita biyar tsakaninsu, wanda ga mai zuwa Kano sau biyu a wata ba abin da zai hana shi barci ba ne, ga daɗin zama ga ƙarfin wuce tirela. Amma ma'aikacin da ke zagaye cikin birni yana haɗa kilomita 800 a wata, Corolla lita 73, Camry mai huɗu 89, V6 100 cif, Sienna ta haura 110. A ce lita naira dubu don lissafi ya zo da sauƙi, dubu 27 ke nan duk wata tsakanin Corolla da V6, a shekara ya haura dubu 300, kuma wannan a takarda ne, sabuwar mota a ɗakin gwaji, ba tamu da ta yi shekara sha biyar ta sha hannun bakanike goma ba. Tawa da na auna ta da esi a gari ko 7 ba ta kai ba.

Sai haibirid, mai haɗa inji da batir wurin tafiya, ita kuma ta juya lissafin. Prius ta 2004 zuwa 2009 tana yin kilomita 20 a lita cikin gari, a hanya 19, wato ta fi sauƙi a garin ma. Dalili in ka tsaya injin kashe kanshi yake, in kana tafiya a hankali batir ke taimaka mata, in ka taka burki kuma wannan ƙarfin da ke tafiya a banza a sauran motoci ita maida shi take cikin batir. Wancan mai kilomita 800 ɗin lita 40 za ta ishe shi a wata, kusan rabin na Corolla. Amma in kai ɗan hanya ne ribar ta ragu sosai, zuwa Kano da dawowa lita 18 ita, Corolla 24, to sai ka tambayi kanka ko lita shida ta isa ka ɗauki kasadar tsohon batir. Don maganar gaskiya batirin nan ba ya son zafi, kuma fankar da ke sanyaya shi daga cikin mota take jan iska ta gefen kujerar baya, ƙurar hunturu ta Katsina kuwa kowa ya san ta, in ta toshe wurin batir ya dinga zafi ke nan har ya mutu, canza shi kuma ba ƙananan kuɗi ba. Ni ban hana kowa ba, asali ma in da yau zan sake saye don zirga-zirgar gari ita zan fara dubawa, amma sai na fara samun mai gyaran da ya san ta da gaske kafin in samu motar, kuma sai an sa kwamfuta an duba lafiyar batirin a gabana. Ga ta kuma da ƙasa-ƙasa, in unguwarku irin wadda damina ke cinye hanya ce ka yi tunani.

Sienna kam kar a zalunce ta. In kai kaɗai ne kake tuƙa ta zuwa ofis to sadaka kake wa gidan mai. In kuma iyali gare ka mutum bakwai kuna zuwa Daura duk Juma'a gaida tsofaffi, kilomita 80 zuwa 80 dawowa, lita 16 ko 17 ta kwashe ku gaba ɗaya, ya fi a yi mota biyu.

Na ce ma ƙanen nawa kar ya ɗauki lambar hanya ɗin nan kamar aya. Hanyar da suka kwaikwaya a ɗakin gwajin babu rami, babu shingen jami'an tsaro, babu tudun rage gudu a kowane ƙauye, kuma ba ta ratsa Charanchi ranar kasuwa inda za ka yi minti ashirin kana bin bayan motar shanu. Sannan ƙafarka ma mota ce. Iska ba a hankali take ƙaruwa ba, in ka ninka gudu turjiyarta sau huɗu take ninkuwa, shi ya sa mai tafiya a 100 da mai taka 140 ba za su sha mai ɗaya ba ko da motarsu iri ɗaya ce, in ka ɗaura buhuna a saman rufi kuma ka ƙara mata wani aikin.

Wani abin da ya fi sunan mota muhimmanci, musamman in ƴar gida za ka saya wadda aka yi amfani da ita a nan, shi ne abin da aka yi ma injin. Da yawa an cire masu tamostat, abin da ke daidaita zafin inji, an haɗa fanka dairek wai don kar su yi zafi, to injin ba ya kaiwa zafin da aka tsara mashi, ƙwaƙwalwar motar tana ganin har yanzu da sanyi sai ta ci gaba da ƙara mai. Wasu an fasa salansa an sace indomin ciki, abin nan mai tace hayaƙi, sensar iskar da ke jikin salansar ta mutu, wutar cek, wadda ke nuna inji na da matsala, tana kunne shekara biyu ko ma an cire ƙwan don kar mai saye ya gani. Ka murɗa makulli ba tare da ka tada inji ba, wutar cek dole ta kawo tare da sauran, in ba ta kawo ba akwai magana. Ƙara da tsofaffin fulogi, nozul mai datti, matatar iska da ƙura ta cika, taya ba iska. Corollar da aka yi ma wannan aika-aikar sai ta sha mai fiye da lafiyayyar Camry, na gani da idona a wurin wani abokin aikina da ya saye ta don suna kawai, yanzu kullum yana gidan mai yana cewa a sa na dubu biyar.

Kuma dan Allah a daina auna mai da allura ko da "na sa na dubu goma ya kai ni kwana huɗu". Allura ƙarya take, rabin sama yana daɗewa rabin ƙasa ya zube da sauri a motoci da yawa. Ka cika tanki har famfo ya katse da kanshi, ka maida lambar tirip, mai ƙirga nisan tafiya, sifili, ka yi yawonka na kullum, ka koma famfon nan dai ka sake cikawa, ka raba kilomitar da ka yi da litar da ta shiga. In motar ƴar Amurka ce lambar mil take ƙirgawa, sai ka ninka da 1.6 tukun. Mai saidawa ba lallai ya ba ka mota kwana uku ba, amma ko na awa biyu ne ka roƙa, kuma kar ka yarda a kai ka Rin Rod inda hanya take a miƙe, nan kowace mota saliha ce. Ka shiga da ita IBB Way da yamma lokacin tashi daga aiki, ka kunna esi, ka bi ta kasuwa.

Da muka zauna da ƙanen nawa na ce ya lissafo mani satinshi. Shago a cikin gari, kai matarshi makarantar da take koyarwa, ɗauko kaya nan da can, Daura sau ɗaya a wata, Kano sai in ta kama. Kusan duk rayuwar motar a cikin gari za ta ƙare. Ranshi na kan wata Anakonda baƙa mai V6, har ya sa ta a fuskar waya, ya ce Yaya ai ita ce ke da kwarjini in ka faka a wurin ɗaurin aure. Na miƙa mashi makullin Camry ta na ce ga kwarjini nan, ka riƙe ta sati ɗaya kai ke sa mai. Ran Laraba ya dawo mani da ita allurar mai na kan ja, bai ko zauna shan shayi ba. Asabar ɗin nan za mu je mu duba wata Corolla 2010 da Civic guda, na ce ya taho da bakanikenshi da mai kwamfuta, kuɗin cika tankin gwaji kuma daga aljihunshi.